Fatawar Santambul ta 1914: Yadda Jamus Ta Nemi Mayar da Kiran Jihadi Makamin Yaƙinta

Ranar 14 ga Nuwamba 1914 dubban mutane suka taru a harabar masallacin Fatih da ke Santambul, babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A gabansu aka karanta fatawoyi biyar waɗanda Shaihul Islam na daular, Mustafa Hayri Efendi, ya sa wa hannu. An tsara su ne yadda aka saba a can: doguwar tambaya, sannan gajeriyar amsa. Idan abokan gaba suka far wa ƙasar Musulunci, Halifa kuma ya yi kiran a fita, shin jihadi ya zama farilla a kan kowane Musulmi, da jikinsa da dukiyarsa? Amsa: ya zama. Shin wannan farilla ta hau kan Musulmin da ke ƙarƙashin mulkin Rasha da Ingila da Faransa? Ta hau. Aka ci gaba da hukuncin wanda ya noƙe, da na wanda ya yarda ya ɗaga bindiga a kan sojojin Halifa ko da tilasta masa aka yi. Ta biyar ce ta fi ɗaukar hankali, domin cewa ta yi babban zunubi ne Musulmi ya yaƙi Jamus da Ostiriya, tunda su ne masu taimakon daular Halifa.

Daga masallacin jama'a suka ɗunguma cikin gari har ƙofar ofishin jakadancin Jamus. A barandar benen aka fito musu da mutum 14 'yan Arewacin Afirka, sojojin Faransa da Jamus ta kama a fagen daga. Wani jami'in Jamus mai suna Karl Emil Schabinger ne ya kawo su cikin jirgin ƙasa, ya ratsa da su ta Romaniya a matsayin 'yan wasan tsalle-tsalle don kada a gane ko su wane ne. Aka sa suka yi wa Sarkin Turkiyya, wato Halifa, kirari da Larabci, a nuna wa duniya cewa Musulmin da Faransa ke mulka sun amsa kira. Kafin dare wasu daga cikin taron sun farfasa shaguna, har da otal ɗin Tokatliyan na wani Ba'armeniye.

Wannan rana ita ce mafarin wani gagarumin shirin farfaganda na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Masu shirin sun ɗauka cewa Musulmin duniya abu guda ne, da an taɓa shi daga Santambul zai motsa tun daga Maroko har Indiya. Abin da ya faru cikin shekara huɗu da suka biyo baya ya nuna ba haka ba ne, amma kafin a gane hakan an yi asarar rayuka masu yawa, wasunsu a nan kusa da mu, a Agadas.

Inda tunanin ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1898 Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya kai ziyara Dimashƙa, ya je kabarin Salahuddin Al-Ayyubi, ya kuma yi jawabin da a ciki ya ce Sarkin Turkiyya da Musulmi miliyan 300 da ke girmama shi a matsayin Halifa su tabbata cewa Sarkin Jamus abokinsu ne a kowane lokaci. Aka buga wannan magana a kan katunan gaisuwa aka rarraba. Lissafin da ke bayanta ba ɓoyayye ba ne. Jamus ta makara a rabon ƙasashen mulkin mallaka, Musulmin da take mulka kaɗan ne. Ingila kuwa, a Indiya kaɗai tana da Musulmi sama da miliyan 60, ga Masar, ga Sudan, ga Arewacin Najeriya. Faransa na riƙe da Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Afirka ta Yamma. Rasha na da nata miliyoyin a yankin Kokesas da tsakiyar Asiya. Duk wutar da ta tashi a ƙasashen Musulmi, gidan abokan hamayyar Jamus za ta fi ci.

Mutumin da ya fi kowa tallata wannan tunani shi ne Max von Oppenheim, ɗan gidan wasu masu banki a birnin Kolon, wanda ya iya Larabci, ya kuma zauna a Alƙahira daga 1896 zuwa 1909 yana aika wa Berlin rahotanni. A ƙarshen Yuli 1914, ana gab da fara yaƙi, Sarki Wilhelm da kansa ya rubuta a gefen wata takarda cewa jakadun Jamus su hura wa duniyar Musulmi wutar tawaye, domin idan jinin Jamus zai ƙare, to Ingila ma ta rasa Indiya. A watan Oktoba Oppenheim ya miƙa doguwar takardar shawara kan yadda za a tayar da bore a yankunan Musulmi na abokan gaba, aka kuma buɗe masa ofishi a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, wanda aikinsa shi ne rubuta saƙonni da fassara su da aika su gabas.

Sai dai kuskure ne a ce Jamus ce ta rubuta komai, Turkawa suka sa hannu kawai. Wani masani ɗan Holan, Snouck Hurgronje, ya yi irin wannan zargi tun 1915, aka kuma daɗe ana maimaita shi, amma shugabannin Santambul suna da nasu dalilin. Daular ta rasa Libiya a hannun Italiya a yaƙin 1911 zuwa 1912, ta rasa kusan duk yankunanta na Turai a yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913, dubban Musulmi 'yan gudun hijira sun cika birnin. Anwar Basha da Tal'at Basha da Jamal Basha, waɗanda su ne masu ainihin iko yayin da Sarki Muhammadu Rashad ke zaune a kan karaga ba ta cewa, suna bukatar abin da zai haɗa Baturke da Balarabe da Bakurde a rundunar guda. Sun ƙulla yarjejeniyar sirri da Jamus ranar 2 ga Agusta, jiragen ruwansu sun yi luguden wuta a kan tashoshin Rasha na Bahar Aswad ranar 29 ga Oktoba, kafin mako ya zagayo Rasha da Ingila da Faransa sun ayyana yaƙi a kansu. Kowane ɓangare na ganin shi ne ke amfani da ɗan'uwansa.

Kayan aikin

An fassara fatawoyin da sanarwar Sarki zuwa Larabci da Farisanci da Urdu da Tataranci, aka buga su da yawa, aka bi da su ta hannun 'yan kasuwa da matafiya da masu leƙen asiri. Aka jefa takardu a ramukan sojojin Faransa da Ingila inda aka san akwai Musulmi. Aka buɗe ɗakunan karatu a biranen daular, inda mutum zai shiga ya ga hotunan nasarorin Jamus. Aka bar jita-jita tana yawo a Farisa da wasu wurare cewa Sarkin Jamus ya musulunta a ɓoye har ya yi aikin Hajji. Aka tura tawaga Kabul ƙarƙashin Oskar von Niedermayer da Werner Otto von Hentig, suka sha wahalar hamadar Farisa suka isa a 1915, da nufin su shawo kan Sarki Habibullah na Afganistan ya auka wa Indiya. Habibullah ya karɓe su da mutunci, ya yi ta jan su da magana wata da watanni yana tambayar ina makamai, ina kuɗi, ina sojoji, yana kuma ci gaba da karɓar tallafin shekara-shekara da Ingila ke ba shi. A watan Mayu 1916 suka tattara nasu ya nasu suka tafi.

Inda aka fi zuba ƙarfi shi ne wani sansanin fursunonin yaƙi a Wunsdorf, kimanin kilomita 40 kudu da Berlin, wanda aka raɗa wa suna Sansanin Jinjirin Wata. Nan aka tara Musulmin da aka kama daga rundunonin Faransa da Ingila: 'yan Aljeriya, 'yan Tunisiya, 'yan Maroko, 'yan Indiya, da baƙaƙen fata daga Afirka ta Yamma. Kusa da shi akwai wani sansanin da ya fi shi girma na Musulmin Rasha. An tanadar musu naman yanka, an ba su damar azumi da sallar idi, aka gina musu masallaci na katako mai ƙubba da hasumiya, aka buɗe shi ranar 13 ga Yuli 1915 a farkon watan Ramadan. Shi ne masallaci na farko da aka gina a Jamus don a riƙa salla a cikinsa. Tun watan Maris na shekarar ake buga musu jarida mai suna Al-Jihad. Malamai irin su Salih Al-Sharif ɗan Tunisiya da Abdurrashid Ibrahim Batatare suna zuwa suna wa'azi. Masu ɗaukar hoto kuma ba su huta ba, domin hoton fursuna a sahun salla ko wajen yankan layya shi ne ainihin ribar da ake nema: a nuna wa duniyar Musulmi yadda Jamus ke girmama addininsu.

Abin da ke damuna a labarin wannan sansani shi ne abin da ake yi a gefen masallacin. A daidai lokacin da ake gaya wa waɗannan mutane cewa su baƙin Sarkin Jamus ne, masu binciken jinsin ɗan Adam suna shigowa suna auna kawunansu da fuskokinsu, wani kwamiti kuma yana sa su magana da waƙa a gaban na'urar ɗaukar murya. Fayafayen suna nan har yau a jami'ar Humboldt ta Berlin. Wasu daga cikin fursunonin sanyi da tarin fuka suka kashe su, an binne su a maƙabartar Zehrensdorf da ke kusa. Wanda ya gina masallacin da wanda ya zo da ma'aunin kai duk kallo guda suke yi wa mutanen: abin amfani ne.

Sakamakon bai taka kara ya karya ba. Cikin dubban da suka zauna a sansanonin biyu, kimanin 2,000 ne suka yarda aka kai su Turkiyya. Wasunsu gudun sanyi da zaman kurkuku ne ya sa suka amsa, kuma da aka kai su fagen daga a Iraƙi, ga yunwa ga rashin albashi, da yawa suka tsallaka wajen sojojin Ingila.

Martanin Ingila da Faransa

Turawan mulkin mallaka sun tsorata ƙwarai, kuma ba su tsaya jira ba. Tun farkon Nuwamba 1914, kafin ma a karanta fatawar, Ingila ta sanar cewa ba za ta taɓa wurare masu tsarki na ƙasar Larabawa da Iraƙi ba, har da tashar Jidda, muddin ba a takura wa alhazan Indiya ba. Aka nemi manyan Musulmi su fito su yi magana. Aga Khan da Nizam na Haidarabad, biyu daga cikin manyan shugabannin Musulmin Indiya, suka ce wannan yaƙin siyasa ne, Jamus ce ta ja Turkiyya cikinsa, babu ruwan addini. Faransa ta karɓo irin waɗannan takardu daga Sarkin Maroko da Bey na Tunis da shugabannin ɗariƙu. Ita ma ta gina masallaci a wani asibitin sojoji kusa da Paris a 1916, ta kuma ɗauki nauyin tawagar alhazai a shekarar. Ingila ta fito da tata jaridar mai hotuna, Al-Haƙiƙa. Wato dai salon guda ne, kowa na neman malami da masallaci da hoto.

Babban bugun da aka yi wa fatawar kuwa daga Makka ya fito. Santambul ta matsa wa Sharif Husaini bin Ali, mai riƙe da Makka kuma jinin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya fito ya goyi bayan kiran. Sharif ya yi ta kawo uzuri: tashoshin Bahar Maliya suna hannun jiragen Ingila, abincin Hijaz ta ruwa yake zuwa, idan aka toshe mutane za su mutu da yunwa. A ɓoye kuwa tun ƙarshen Oktoba 1914 Lord Kitchener, ministan yaƙin Ingila, ya aika wa Abdullahi ɗan Sharif da saƙo, har da tsokacin cewa mai yiwuwa halifanci ya dawo hannun Balarabe a Makka ko Madina. Daga Yuli 1915 zuwa Maris 1916 Sharif da Henry McMahon, wakilin Ingila a Masar, suka yi ta musayar wasiƙu, inda aka yi masa alkawarin 'yancin ƙasashen Larabawa cikin kalmomin da aka bari da gangan ba su fito fili ba. Jamal Basha ya sauƙaƙa wa Ingila aiki da ya rataye fitattun Larabawa a Beirut da Dimashƙa a 1915 da kuma ranar 6 ga Mayu 1916. A watan Yuni 1916 Sharif ya yi tawaye, yana cewa masu mulki a Santambul sun kauce wa Shari'a, sun mayar da Halifa ɗan amshin shata. Jaridarsa Al-Ƙibla, wadda Ingila ke tallafa wa, ta riƙa yaɗa wannan hujja.

Daga nan Musulmin da ke nesa ya shiga ruɗu: Halifa na kira ta nan, mai tsaron Ka'aba na kira ta can. A cikin watan Mayun wannan shekara kuwa Ingila da Faransa sun riga sun kammala yarjejeniyar Sykes da Picot, wadda ta raba yankunan da Sharif ke zaton nasa ne. Ranar 2 ga Nuwamba 1917 aka ƙara da alkawarin Balfour, wanda Ingila ta yi wa Yahudawa na kafa musu gida a Falasɗinu. Da 'yan gurguzu suka ƙwace mulki a Rasha, suka buɗe akwatunan ma'aikatar harkokin waje suka buga yarjejeniyar a jarida a ƙarshen Nuwamba, Jamal Basha ya ɗauke ta ya karanta wa Larabawa. A wannan karon gaskiya ya faɗa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Inda wutar ta kama

Ba ko'ina ne kiran ya faɗi ƙasa banza ba. A cikin daular kanta ya yi aiki, ya ƙarfafa zuciyar sojojin da suka tsaya a Galifoli a 1915 suka kuma tilasta wa rundunar Ingila miƙa wuya a Kut ta Iraƙi a watan Afrilu 1916. Manyan malaman Shi'a na Najaf sun fitar da nasu fatawoyin a kan mamayar Ingila, ƙabilu suka fita. Amma harin da Jamal Basha ya kai mashigin Suwez a watan Fabrairu 1915, yana sa ran Misrawa za su tashi su tare shi, bai samu wanda ya tashi ba.

A Singafo, ranar 15 ga Fabrairu 1915, kusan rabin wata bataliyar sojojin Indiya Musulmi suka juya bindiga a kan hafsoshinsu, bayan jita-jita ta bazu cewa za a kai su su yaƙi Turkawa, alhali Hong Kong za a kai su. Sai da sojojin ruwan Faransa da Rasha da Japan suka taimaka kafin a shawo kan lamarin, aka yanke wa sama da mutum 40 hukuncin kisa. Ragowar bataliyar aka turo su Kamaru su yaƙi Jamus. A fagen dagan Turai kuwa akwai labarin wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙabilar Afridi daga kan iyakar Indiya da Afganistan. Mir Mast ya tsallaka wajen Jamusawa a 1915 har ya bi tawagar Kabul. Ɗan'uwansa Mir Dast, a cikin shekarar, ya samu lambar jarumta mafi girma ta Ingila saboda abin da ya yi a kusa da Ypres. Gida ɗaya, addini ɗaya, kira ɗaya suka ji, kowa ya yanke nasa hukuncin.

A Afirka ne lamarin ya fi zubar da jini. Shugaban ɗariƙar Sanusiyya, Ahmad Al-Sharif, wanda tuni yake yaƙi da Italiya a Libiya, ya karɓi hafsoshin Turkiyya, ciki har da Nuri ƙanin Anwar Basha, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus kuma suna kawo masa makamai. A Nuwamba 1915 aka tura shi ya shiga Masar, aka ci shi da yaƙi a farkon 1916. A Darfur, Sarki Ali Dinar ya karɓi wasiƙar Anwar Basha, ya yanke hulɗa da gwamnatin Khartum. Wannan ya ba Ingila hujjar da take nema: ta karya rundunarsa kusa da Fashir a watan Mayu 1916, aka kashe shi a Nuwamba, aka haɗe Darfur da Sudan. Masarautar da alhazanmu masu tafiyar ƙasa suka saba ratsawa ta ƙare ke nan.

Sai Azbin. A watan Disamba 1916 Kawsan, wani jagoran Abzinawa mabiyin Sanusiyya, ya iso Agadas daga arewa da bindigogi na zamani da igwar da aka ƙwato a hannun Italiya. Sarkin Agadas Tegama, wanda Faransawa ke ɗauka nasu ne, ya mara masa baya, suka yi wa barikin Faransa ƙawanya kusan wata uku. Abin lura shi ne abin da ya sa mutane suka bi shi. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ba ta daɗe da wucewa ba. Haraji bai sauka ba. Faransawa na ƙwace raƙuma don jigilar kayansu, alhali raƙumi shi ne jarin mutumin Azbin, da shi yake zuwa Bilma ɗauko gishiri ya gangaro Damagaram da Kano ya koma da hatsi. Kalmar jihadi ta zo ta tarar da zukatan da tuni suka cika. Ranar 3 ga Maris 1917 rundunar Faransa daga Damagaram ta karya ƙawanyar, Ingila ma ta turo sojoji daga Najeriya su taimaka wajen tsare yankin. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai da dama da sauran mutanen gari a Agadas, an kora jama'a kudu, an hallaka dabbobi, Azbin ta daɗe ba ta farfaɗo ba. An kashe Kawsan a Fezzan da ke kudancin Libiya a 1919, Tegama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Daga Berlin ko Santambul babu wanda ya kawo musu ɗauki.

A Arewacin Najeriya, inda shekara 11 kacal ke nan da cin Kano da Sakkwato, shekara takwas da murƙushe tawayen Satiru, Lugard ya yi zaman ɗar-ɗar, amma babu tawayen da ya tashi da sunan fatawar. Sarakuna suka ba da gudummawar yaƙi daga baitulmali, sojoji Hausawa da sauran 'yan Arewa suka yi yaƙi da Jamus a Garwa da Mora na Kamaru, daga baya aka kai su Gabashin Afirka. Wani zai ce tsoro ne, kuma lalle wanda ya ga Burmi da Satiru ya san abin da bindigar Bature ke yi. Amma akwai wani dalilin. Ƙasar nan tana da nata Sarkin Musulmi da nata tarihin jihadi da nata malaman da suka yi rubutu a kan sharuɗɗansa. Ana jin sunan Santambul da girma, amma girmamawa daban, mubaya'a daban.

Abin da ya kayar da shirin

Raunin farko yana cikin takardar kanta. Kira ne a yaƙi wasu ƙasashen Kirista tare da wasu ƙasashen Kirista. Ostiriya, wadda aka haramta yaƙarta, ita ce ta haɗiye Bosniya a 1908. Italiya, wadda ke kashe Musulmi a Libiya a daidai lokacin, ba a ambace ta ba, domin a Nuwamba 1914 ana fatan ba za ta koma ɓangaren Ingila ba. Holan mai mulkin miliyoyin Musulmi a tsibiran Indonesiya an ƙyale ta don ba ta cikin yaƙin. Jamus kanta tana mulkin Musulmi a Kamaru da Togo da Gabashin Afirka. Ɗalibin da ya yi karatun fiƙihu kaɗan zai gane cewa jerin abokan gaban nan ma'aikatar harkokin waje ce ta tsara shi. Masu shirin sun raina ilimin mutanen da suke yi wa magana, kuma wannan raini shi ne ya fi komai cutar da su.

Na biyu, takarda ba ta maye gurbin makami. Teku na hannun Ingila, wayoyin sadarwa na hannunta, hanyar Hajji ta ruwa na hannunta. Duk wanda aka ce ya tashi, tambayar da Habibullah ya yi ita zai yi. Inda aka tashi kuwa, a Libiya da Darfur da Azbin, akwai tsohon ciwo na gida, akwai kuma 'yan bindigogin da suka iso.

Duk da haka shirin bai tafi a banza ga Jamus ba, tunda ya tilasta wa Ingila da Faransa ajiye dubban sojoji a Masar da Sahara da kan iyakar Indiya. Waɗanda suka biya farashin su ne mutanen da suka gaskata. A cikin daular kuma Kiristocinta sun ɗanɗana kuɗarsu. Kisan kiyashin da gwamnatin su Tal'at Basha ta yi wa Armeniyawa daga 1915, wanda masana tarihi da yawa ke ƙiyasta ya ci rayuka miliyan ɗaya ko fiye, siyasa da kishin ƙabila ne tushensa, amma an yi amfani da harshen addini wajen zuga masu aikata shi, duk da cewa akwai Musulmi da dama da suka ɓoye maƙwabtansu suka ƙi sa hannu.

Kujerar halifancin ma ba ta tsira ba. Bayan an ci daular da yaƙi a 1918, Musulmin Indiya suka kafa ƙungiyar kare halifanci, wadda ta tara jama'ar da fatawar 1914 ba ta taɓa tarawa ba. Amma ranar 3 ga Maris 1924 majalisar Ankara ta soke muƙamin. Sharif Husaini ya ayyana kansa Halifa a cikin watan, 'yan ƙalilan suka amsa masa, kafin ƙarshen shekarar kuma dakarun Abdul'aziz Al Sa'ud suka shiga Makka, Ingila ba ta ce uffan ba.

Dabarar kuwa ba a jefar da ita ba, kayan aiki kawai aka sauya. Italiya ta fara watsa shirye-shiryen Larabci daga gidan rediyon Bari a 1934. Ingila ta mayar da martani da sashen Larabci na BBC a watan Janairu 1938, wanda shi ne harshen waje na farko da gidan ya fara watsawa. Jamus ta buɗe nata a 1939 daga Zeesen, kudu da Berlin, tana fara shirye-shiryenta da karatun Alƙur'ani. A watan Yuli 1940, yana da shekara 80, Oppenheim ya sake miƙa wa ma'aikatar harkokin wajen Jamus wata takardar shawara kan yadda za a tayar wa Ingila da bore a Gabas ta Tsakiya.